Ƙuri'ar Auta

Babban birnin jiha,
3 ga Disamba, 1851

Zuwa ga Yayata Philena,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da Inna uwar mijinki da yara. Na iso ranar Asabar. Keken dokin ya jijjige ni har haƙarƙarina na ciwo, tarin nan kuma ya dawo, amma kada ki tada hankalinki, ina shan zumar da kika ɗura mini. Na sami masauki a gidan wata tsohuwa, mu huɗu a ɗaki, gado biyu. Abokin kwanana ɗan jam'iyyar Wig ne, minsharinsa kamar ana zarto. Na ce masa ashe jam'iyyarsu ko a barci ba ta iya rufe baki.

Yaya, bari in gaya miki yadda majalisar take, don na san abin da kike jira ke nan. Kujeru saba'in da biyu ne. Dimokurat na da talatin da biyar, Wig talatin da uku, mu masu ƙin bautar da mutane mu uku: ni, da Fasto Crane, da wani likita. Kujera ɗaya babu kowa a kanta, ta wata gunduma ce a kudu, mutum biyu kowa na cewa shi ya ci, mu ne kuma za mu raba gardamar. Kin ga ke nan babu jam'iyyar da za ta iya naɗa kakaki sai da mu. Tun Litinin ake kaɗa ƙuri'a ana tashi a banza. Mutanen da da ko gaisuwata ba za su amsa ba, yau su ke cire mini hula a hanya. Jiya wani ya aiko mini da gasasshen talotalo, ban ma san sunansa ba.

Ban manta abin da ya kawo ni ba. Na faɗa a gaban kabarin mijinki, na kuma faɗa a gaban mutanen Elk Run: ba zan dawo ba sai an soke dokar da ta hana baƙar fata ba da shaida a kan farar fata. Ban taɓa ganin abin ya matso kusa haka ba. Ki gai da Lemuel maƙeri, ki ce masa ya shirya rigarsa ta coci, zai tsaya gaban alƙali ya ba da shaida kafin shuka.

Ƙanenki,
Orrin

Elk Run,
14 ga Disamba, 1851

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Mu duka lafiya, ban da ƙafar Inna da sanyi ya tasar. Mun yanka aladu, mun gama zuba gishiri. Ka riƙa ɗaure wuyanka. Na san ka, ana fara gardama sai ka manta kana da ƙirji.

Na karanta wa Inna wasiƙarka, da na zo wajen talotalo ta ce, "Ki ce masa ya ci naman, kada ya ci hannun da ya miƙo." Daga nan na saka mayafi na tafi maƙera. Na tarar da Lemuel yana yi wa doki takalmi. Ya saurara har na gama, guduma a hannunsa, sannan ya ce, "Uwargida Marsh, rigar tana nan a goge tun bara." Da ya koma aiki sai da ya kuskure ƙusa, abin da ban taɓa gani ya yi ba.

Ranar Laraba Jabez Stroud ya wuce ta ƙofar gidanmu a kan sabon doki. Ya taɓa mini hula, Orrin. Mutumin da ya harbe mijina Asa a bakin madatsar ruwa, da rana tsaka, ya taɓa mini hula. Har yanzu ina jin muryar lauyansa Rufus Dunning a kotu, lokacin da Lemuel ya miƙe zai yi rantsuwa: "Ranka ya daɗe, doka ba ta san wannan mutumin yana da baki ba." Mutum ɗaya ne ya ga abin da idonsa, aka ce ya koma ya zauna don baƙar fata ne, aka sallami Stroud kafin abincin rana.

Ni ba ni da ƙuri'a, kai ma ka sani. Abin da nake da shi na bayar. Na toya burodin kowane taro, na bi gida gida a keken dokin Asa ina roƙon maza su fito. Da hannuna na wanke ka ranar da uwarmu ta rasu, kana ɗan wata biyar, ban taɓa neman komai a wurinka ba sai wannan. Ka tsaya da Fasto Crane. Tsoho ne, yana da taurin kai, amma ba ya lanƙwasa.

Yayarka,
Philena

Babban birnin jiha,
6 ga Janairu, 1852

Yaya,

Barka da sabuwar shekara. Ina fata ƙafar Inna ta yi sauƙi. Tarina ya ragu. A zauren majalisa murhun ƙarfe ɗaya ne, ni kuma da can ina zaune ta wajen ƙofa inda iska ke shigowa. Yanzu na koma kusa da murhu.

Har yau babu kakaki. Wata guda ke nan ba a yi dokar ko gyaran gada ba, jaridu na yi mana dariya. Mun je wurin shugaban 'yan Wig mu uku. Ya ba mu shayi, ya ce batun shaidar abu ne mai kyau, za a duba. Na ce yaushe? Ya ce, "Yaro, mutanena na bakin kogi maƙwabtansu masu bayi ne, in na matsa musu sun faɗi zaɓe." Fasto Crane ya ce duk da haka gara su. Ni dai na fito raina a ɓace. Akwai wata magana da ake yi ta wani gefen, ba zan sa ta a takarda ba tukuna.

Yaya, cikin 'yan kwanakin nan za a ambaci wani suna da kika sani a zauren nan, kuma da bakina. In labari ya riga ni isowa, ki jira bayanina. Duk abin da nake yi don Asa nake yi.

Orrin

Elk Run,
17 ga Janairu, 1852

Auta,

Wasiƙarka ta same mu lafiya. Na gode wa Allah da ka yi hankali ka matsa kusa da wuta. Ga safa biyu na saƙa maka, ka sa su duka.

Na fahimci abin da ka ɓoye, ai ba ka taɓa iya ɓoye mini abu ba. Za ka miƙe a gaban mutum saba'in ka faɗi sunan Asa Marsh. Na karanta wurin nan sau uku, na fita bayan rumbu na yi kuka, irin kukan da ban samu na yi ba ranar jana'iza. Na kasa riƙewa, na gaya wa Inna. Ta sa na ciro mata baƙar rigarta, ta ce ranar Lahadi ko a kujera a ɗauke ta a kai ta coci. Aka kuwa kai ta. Bayan addu'a ta ɗaga murya ta ce wa jama'a, "Za a kira sunan ɗana a majalisa. Orrin ne zai kira shi." Mata suka rungume ta. Lemuel na can bencin baya, ya sunkuyar da kai.

In ka faɗa, ka ce mutum ne da bai taɓa tauye mudu a injin niƙansa ba. Ka ce ya bar 'ya'ya uku. Maƙwabcinmu Eben Hollis zai kora aladunsa birni mako mai zuwa, na roƙe shi ya hau benen 'yan kallo ya jiyo mana.

Philena

Elk Run,
2 ga Fabrairu, 1852

Orrin,

Muna lafiya. Ƙanƙara ta rufe hanya, keken wasiƙu bai zo ba, ban sani ba ko ka rubuto. Eben Hollis dai ya dawo da ƙafarsa.

Ya shigo yana murza hularsa, ya ƙi zama. Na ce, "Eben, ya faɗa?" Ya ce, "Uwargida, ki ba ni ruwa tukuna." Na ce, "Ruwa ba zai gudu ba. Ya faɗi sunan?" Ya ce, "Ya faɗi suna." Sannan ya gaya mini.

Ya ce da ya leƙa daga bene ya neme ka kusa da Fasto Crane bai gan ka ba. Can ya hango ka a tsakiyar 'yan Dimokurat, gefen murhu. Ya ce duk birnin an san ma'anar komawa kusa da murhu, har 'yan dako sun sani. Ni kaɗai ce wawiyar da ta zauna tana saƙa safa.

Ya ce ranar ce ake raba gardamar kujerar nan. Magatakarda na kiran sunaye, kowa na faɗin wanda ya ga ya ci. Ana zuwa kanka, ƙuri'u sun yi daidai, zaure ya yi tsit. Ka miƙe ka ce, "Rufus Dunning."

Na ce Eben ƙarya yake, kunnensa ya mutu tun da daɗewa. Ya ce, "Da ma haka ne. Na ga mutumin ya shigo ya yi rantsuwa, ya zo ya ba ƙanenki hannu." Ya ce Fasto Crane ya tashi ya juya maka baya. Ya ce washegari an naɗa kakaki, kai kuma an ba ka shugabancin kwamitin hanyoyi.

Tun wasiƙarka ta farko ka san wanda ke neman kujerar nan. Ka rubuta mini labarin minshari da talotalo, ka ce wata gunduma a kudu. Ka san shi, ka tsallake sunan.

Inna na ɗaki tana jin komai. Da yamma ta ce in ninke baƙar rigar in mayar akwati. Ranar Lahadi ni zan shiga cocin nan in kalli matan da suka rungume ta. Ka gaya mini abin da zan ce musu, tun da kai ne mai iya magana.

Philena Marsh

Babban birnin jiha,
28 ga Janairu, 1852

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gai da Inna. Safar ta iso, da wasiƙarki. Da na karanta yadda kika fahimci maganata, sai na zauna a bakin gado na ɗauki alƙalami. Ba haka nake nufi ba. Allah ya sa wannan ta riga Eben isowa, don na gan shi a bene.

Ga gaskiyar. Kanar Whitlock, shugaban 'yan Dimokurat, mutum ɗaya yake nema. Ya kira ni ya ce, "Wadleigh, 'yan Wig za su shayar da kai shayi har ka tsufa. Ni ba na son dokarka, amma ina son majalisa. Ka ba ni Dunning, ka ba ni kakaki, ni kuma in ba ka mutum goma sha biyu ranar da ƙudirinka ya zo." Na ce ko wa ban da Dunning. Ya ce, "Kujera ɗaya ce babu kowa, ba ni na zaɓi mai nemanta ba."

Na lissafa, Yaya. 'Yan Wig da ke tare da mu da zuciya ɗaya ba su wuce ashirin da biyar ba. Da mu uku, ba mu kai ba. Da sha biyun Kanar, mun wuce. Babu wata hanyar. Fasto Crane zai koma gida da hannu mai tsabta, Lemuel kuma ya ci gaba da goge riga har ta yage. Ni na zaɓi in ɓata hannuna. Kin zaci da daɗi na faɗi sunan nan? Da ya miƙo mini hannu, yana murmushi, ya ce, "Ina fata babu riƙo tsakaninmu, aikin lauya ne," na fita bayan gini na yi amai.

Kwamitin hanyoyi ban nema ba. Kanar ya ce in na ƙi, mutanensa za su ce ban shigo da gaske ba. Ban gaya miki tun farko ba don na san za ki hana ni, ni kuma ban taɓa iya ƙin maganarki ba. Ki ba ni zuwa ƙarshen Fabrairu. Ranar da Stroud ya tsaya gaban alƙali, ki zage ni yadda kike so.

Autanki,
Orrin

Babban birnin jiha,
27 ga Fabrairu, 1852

Yaya,

Wasiƙarki ta biyu ga wata ta zo. Tawa na san ta same ki tuni, amma ban ji daga gare ki ba. Ina fata lafiya ce. Ni ina kwance kwana biyu, zazzaɓi ne, ya sauka.

Ƙudirin ya zo jiya. Na yi magana, na faɗi sunan Asa, na ce bai taɓa tauye mudu ba, na ce ya bar 'ya'ya uku. Rabin zauren na karanta jarida. Ina zama, wani ya miƙe ya nemi a ajiye maganar sai zama na baɗi. Na duba Kanar, yana gyara alƙalaminsa. Cikin sha biyun da ya yi mini alkawari, bakwai ne suka tsaya da ni. 'Yan Wig kuma wasu sun juya, ɗaya ya ce mini a fuska, "Je ka nemi ƙuri'a a wajen murhu." Da ƙuri'a ɗaya aka ajiye shi. Dunning na cikin waɗanda suka ce a ajiye.

Na tare Kanar a matakala. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Na ce zan ba ka, ban ce zan ɗaure su da igiya ba. Shekarar zaɓe ce, ɗana. Ka tsaya a tutarmu da kaka, ka dawo, baɗi mu gama." Fasto Crane ya wuce mu bai dube ni ba. Da ya ce mini wani abu da ya fi sauƙi.

An yaudare ni, Yaya. Ban san abin da zan ƙara ba. Amma ƙuri'a ɗaya ce, baɗi ana iya samunta. Mutanenmu ba za su sake tsayar da ni ba, na sani, shi ya sa nake tunanin maganar Kanar. Za a tashi majalisa tsakiyar Maris. In zo gida?

Orrin

Elk Run,
9 ga Maris, 1852

Zuwa ga ɗan majalisa Wadleigh,

Wasiƙunka biyu sun zo. Muna lafiya. Ƙanƙara ta fara narkewa, saniya ta haihu. Allah ya ƙara maka sauƙi.

Ka ce an yaudare ka. Na yarda, ba na zaton ƙarya kake. Amma kai ka san Kanar ɗan ciniki ne lokacin da ka shiga ɗakinsa. Ni ban san da ɗan ciniki nake magana ba. Ka ce da ka tambaye ni da na hana ka. Mijina ne aka kashe, Orrin. Bakin Lemuel aka rufe. Ka ɗauki abin mutum biyu ka kai kasuwa ba ka tambayi ko ɗaya ba, don ka san amsar.

Ga labarin da ba ka da shi. Tun da aka ji lauyan Stroud ya zama ɗan majalisa, da ƙuri'ar ƙanen matar mamacin, Stroud ya daina jin kunyar kowa. A kantin gari ya ce ko dangin Asa sun yarda babu laifi a kansa. Manoma suka fara kai dawakinsu wata maƙerar. Aka karya wa Lemuel taga. Sannan wasu baƙi biyu daga ƙetaren kogi, yankin masu bayi, suka zo suna tambayar takardunsa na 'yanci, mutumin da aka haifa a gundumar nan. In suka ɗauke shi suka ce bawansu ne, a wace kotu zai buɗe baki? Ya sayar da maƙerar.

Ranar Lahadin makon jiya bayan coci ya zo sallama, keken kaya na waje da matarsa da 'ya'yansa a kai. Ya tsaya a bakin ƙofar kicin. Inna ta ce, "Shigo, Lemuel. Philena, kawo Littafi Mai Tsarki." Na kawo. Ta tara yaran, ta sa su tsaye. Ta ce, "Ɗora hannunka. Ni uwarsa ce, ni zan ji."

Ya ɗora. Ya faɗi komai tun daga farko. Ya ce ya je karɓar garinsa ne, ya tarar Asa da Stroud suna gardama a kan ruwa. Ya ce Asa ya juya baya zai rufe madatsa, hannunsa babu komai, Stroud ya ɗauko bindiga daga sirdi. Ya ce shi ya tallafe kan Asa, kuma Asa bai mutu nan take ba kamar yadda aka gaya mana. Ya rayu har ya yi magana. Ya ce, "Lemuel, rufe ruwan, kada ya ci gonar Hollis." Lemuel ya kwantar da shi ya je ya rufe, kafin ya dawo ya cika. Shekara biyu yana riƙe da wannan, yana jiran ya faɗa a kan rantsuwa.

Inna ta ce, "Na karɓi shaidarka." Ya ce, "Na gode, Inna." Ya sa hularsa. A bakin shinge na ce masa ko yana da saƙo zuwa gare ka. Ya yi ɗan tunani, ya ce, "A'a, Uwargida. Ki dai gaishe shi." To, na gaishe ka.

Ka tambaya ko ka zo. Gidan ubanmu ne, ɗakinka na nan, zan dafa maka abinci kamar kullum. Inna ce ta ce in ka zo ka fara shiga wurinta, ka faɗa mata da bakinka, tsaye, kamar yadda ka faɗa a zaure. In ka tsaya zaɓe a tutar Kanar, keken Asa ba zai fita ba, tanda ba za ta yi zafi ba.

Jiya aka kawo labari Lemuel ya haye tafki, ya shiga Kanada lafiya da iyalinsa. Ya ce ba zai sake taka wannan gefen ba, ni ma na roƙe shi kada ya taka. Kai kana cewa baɗi. Ku soke dokar baɗi, Allah ya ba ku iko, akwai waɗanda za ta amfana. Amma in an buɗe kotu aka kira mai shaida a kan kisan Asa Marsh, babu wanda zai miƙe.

Philena Marsh